Kanula da Robar Babbar Jijiya: Yadda Ake Kare Majinyaci a Sashen Kulawa ta Musamman

Da wuya a shiga sashen kulawa ta musamman a tarar da majinyacin da babu roba ko ɗaya a jijiyarsa. Ta nan ake ƙara masa ruwa da jini, ta nan ake ba shi magungunan da ke riƙe da bugun jininsa, wani lokaci ma ta nan abincinsa ke bi idan hanjinsa ya daina aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da ƙa'idoji kan wannan batu a 2024, ta ce waɗanda ke buƙatar a saka musu kanula, wato gajeriyar robar jijiya, sukan kai kashi 70 cikin ɗari na mutanen da aka kwantar a asibiti. A sashen kulawa ta musamman kuwa kusan kowa ne. Sai dai robar da ke ceton rai ƙofa ce da aka buɗe a jikin fata, wadda ita ce ke tsare jini daga ƙwayoyin cuta, kuma muddin robar tana ciki ƙofar a buɗe take. Saka ta aikin mintuna ne, amma kula da ita yana ɗaukar kwanaki, dare da rana, kuma kusan dukkan wannan kulawa a hannun ma'aikatan jinya take.

Robobin iri biyu ne manya. Akwai kanula, gajeriyar robar da ake sakawa a ƙaramar jijiyar hannu, wadda ake gane kaurinta da launin kanta: ruwan toka lamba 16, kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, ruwan ɗorawa 24, kuma ƙaruwar lamba raguwar kauri ce. Akwai kuma doguwar roba da ake turawa ta jijiyar wuya, ko ta jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, ko ta gindin cinya, har bakinta ya isa babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Yawanci ana saka wannan ne da dabarar da wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya bayyana a 1953: a huda jijiya da allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan a zura robar ta kan wayar. Kanula ta fi yawan lalacewa, amma robar babbar jijiya ta fi kisa idan ta jawo matsala.

Abin da ya bambanta majinyacin wannan sashe da na sauran ɗakuna shi ne sau da yawa ba ya iya magana. Wanda ke kwance a ɗakin marasa lafiya na gama-gari zai kira nas ya ce hannunsa na zafi, ko wurin allurar na raɗaɗi idan magani yana shiga. Wanda aka yi wa allurar barci aka haɗa shi da na'urar numfashi ba shi da wannan dama. Ga jikinsa a kumbure saboda yawan ruwan da aka ƙara masa, ga garkuwar jikinsa ta yi rauni, ga shi ana taɓa robarsa sau da yawa a yini. Alamar farko ta matsalar jijiya da littattafai ke ambata, wato ciwo, babu ita. Ta biyu, wato jan fata, ita ma ba ta fitowa sosai a fata mai duhu, don haka wanda ya tsaya jiran ganin ja zai makara. Dole sai an sa hannu an taɓa: a ji ɗumin wurin, a ji ko jijiyar ta yi tauri kamar igiya, a kwatanta hannun da ɗan'uwansa.

Mafi munin matsalolin ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, kuma sanin hanyar da suke bi shi ke sa a fahimci dalilin kowane mataki na rigakafi. A kwanakin farko, yawancinsu daga fatar majinyacin kansa suke fitowa, su bi ta bayan robar su gangara cikin jijiya. Idan robar ta daɗe, hanya ta biyu ce ke ƙara ƙarfi: bakin da ake ɗura magani ta cikinsa, wanda hannayen ma'aikata ke taɓawa, daga nan ƙwayoyin su bi ta cikin robar. Gurɓataccen ruwa ko magani, da cutar da ta taso daga wani sashen jiki ta zo ta maƙale a robar, ba su kai waɗannan biyu yawa ba. Da zarar ƙwayoyin sun samu wurin zama sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai manne wa roba, wanda ke hana magani da garkuwar jiki isa gare su yadda ya kamata. Shi ya sa idan aka gano ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus ko Pseudomonas ko Candida a jinin mai robar babbar jijiya, ba a dogara da magani kaɗai, cire robar ake yi.

An daɗe ana ɗaukar wannan cuta a matsayin abin da ba makawa ga wanda ya jima a sashen kulawa ta musamman, har sai da wani aiki da aka gudanar a jihar Mishigan ta Amurka ya sauya tunanin mutane. Likita Peter Pronovost na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun wallafa sakamakonsa a 2006, daga sassan kulawa ta musamman 103. Ba su kawo sabon magani ko sabuwar na'ura ba. Abubuwa biyar da kowa ya riga ya sani suka dage a kansu: wanke hannu, cikakkiyar suturar tiyata yayin saka robar, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloheksidin, guje wa gindin cinya idan da hali, da cire duk robar da ba a buƙata. Matsakaicin adadin kamuwa ya sauka daga 7.7 a kowane kwana dubu na zaman roba zuwa 1.4 bayan wata 16 zuwa 18. A ganina abin da ya fi muhimmanci a wannan aiki shi ne ikon da aka ba ma'aikatan jinya na dakatar da likita idan ya tsallake mataki, matuƙar ba a cikin halin gaggawa ake ba. Takardar da aka jera waɗannan matakai a kanta ba ta hana komai idan mai riƙe da ita yana tsoron buɗe baki, kuma shugabannin sashe ne ke da alhakin tabbatar da cewa nas ɗin da ta ce a tsaya a sauya safar hannu ba za ta fuskanci tsangwama a kan haka ba.

Cikakkiyar sutura tana nufin mai saka robar ya sa hula da takunkumin fuska da riga da safar hannu waɗanda aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, a kuma rufe majinyacin da babban ƙyalle tun daga kai har ƙafa, a bar wurin hudawa kawai. Ana goge fata da kuloheksidin da aka haɗa da alkohol, galibi kashi 2 cikin ɗari a cikin alkohol kashi 70, sannan a jira ta bushe da kanta. Wannan jiran ne aka fi yi wa gaggawa, alhali maganin yana kammala aikinsa ne yayin da yake bushewa, kuma filastar da aka liƙa a kan jiƙaƙƙiyar fata ba ta kamawa, tana ma iya ƙona fatar. Zaɓen wuri kuwa hukuncin likita ne, kuma kowane wuri da irin haɗarinsa. Wani babban bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2015 ya nuna cewa jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗa ta fi ƙarancin kamuwa da cuta da daskarewar jini, amma ta fi yawan jawo huda huhu. Amfani da na'urar sikanin don ganin jijiya yayin hudawa yana rage kuskure, musamman a wuya. Aikin nas a wannan lokaci shi ne ta sa ido a kan allon bugun zuciya, domin wayar na iya shiga zuciya ta rikita bugunta, ta tabbatar da idonta cewa wayar ta fito gaba ɗayanta, sannan ta tabbatar an duba inda bakin robar ya tsaya, galibi da hoton ƙirji, kafin a fara amfani da ita. Robar da aka saka cikin gaggawa ba tare da cika sharuɗɗan tsafta ba, ƙa'idar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ita ce a sauya ta cikin awa 48.

Daga nan aikin yau da kullum ke farawa. Filasta mai haske, wadda ake iya hango wurin hudawa ta cikinta, ana sauya ta duk kwana 7, ta gozi kuwa duk kwana 2, amma waɗannan kwanaki iyaka ce kawai. Filastar da ta jiƙe, ko ta yi datti, ko gefenta ya ɗago, sauya ta ake yi a lokacin, ba a ƙara mata wata a kai. A wuya wannan ya fi wahala, domin ga gumi, ga gemu, ga yawu da majina da ke gangarowa daga baki ko daga hudar maƙogwaro, ga nauyin igiyoyin ƙarin ruwa yana jan robar duk lokacin da aka juya majinyaci. Idan robar tana motsi tana shiga tana fita, to tana kwasar ƙwayoyin fata tana kai su ciki, tana kuma gogar bangon jijiya. Ɗaure ta da kyau da tallafe nauyin igiyoyin na cikin matakan hana cuta. A wuraren da ake da hali ana amfani da filasta mai ɗauke da kuloheksidin, ana kuma yi wa majinyatan da suka haura wata biyu da haihuwa wanka da shi kullum, kuma bincike ya goyi bayan duka biyun.

Akwai wani ɗan aiki na daƙiƙa goma sha biyar wanda ya cancanci a dube shi da kyau, domin shi aka fi maimaitawa, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Ƙarfe biyu na dare, lokacin allurar majinyaci ya yi, na'urar gadon da ke kusa tana ƙara. Nas ta tsaftace hannunta, da man alkohol na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko da sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60 idan hannun ya yi datti. Ta buɗe audugar alkohol ko ta kuloheksidin, ta kama bakin robar ta murza shi da ƙarfi, samansa da gefunansa, ta ƙirga har goma sha biyar, sannan ta riƙe shi a sama ya bushe ba tare da ya taɓa zanen gado ko rigar majinyaci ba, ta ɗaura sirinji ba tare da yatsanta ya taɓa kansa ba. Shafa ɗaya da sauri ba ta wadatar, domin gogawar ce ke ɓamɓare abin da ya manne. Safar hannu kuma ba ta maye gurbin wanke hannu: safar da ta taɓa ƙarfen gado da madannan na'ura ta riga ta gurɓata. Tun da kowace buɗewa dama ce ga ƙwayoyin cuta, yana da kyau a haɗa ɗibar jinin gwaje-gwaje a lokaci guda, a cire mahaɗan da ba a amfani da su, kuma kada a taɓa mayar da murfin da aka riga aka cire. Igiyoyin ƙarin ruwan da ke aiki ba yankewa ba a sauya su kafin awa 96, ba kuma a barin su su wuce kwana 7. Na jini da na abinci mai kitse ba sa wuce awa 24, na furofofol, wato maganin sa barci, kuwa duk awa 6 zuwa 12, saboda kitsen da ke cikinsa abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Kanula ta hannu ba ta samun irin wannan kulawa, kuma wannan kuskure ne. Majinyaci kan iso sashen da kanula biyu ko uku da aka saka masa a ɗakin gaggawa, a saka masa robar babbar jijiya, sai a mance da su a ƙarƙashin bandeji. Matsalarta da aka fi gani ita ce kumburin jijiya, wanda ke tasowa daga gogar roba, ko zafin magani irin su fotasiyam da amiyodaron, ko ƙwayoyin cuta. Ana rage shi ta hanyar zaɓar kanula mafi siranta da za ta yi aikin, a saka ta a tsakiyar hannu tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a guji gaɓoɓin da ke lanƙwashewa, a kuma guji ƙafar babban mutum. A da ana sauya kanula duk bayan kwana uku ko huɗu ko da lafiyarta lau. Binciken da Claire Rickard ta jagoranta a Ostireliya, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2012 a kan majinyata fiye da dubu uku, ya gano cewa kumburin jijiya kashi 7 cikin ɗari ne a ɓangarorin biyu, waɗanda aka sauya musu bisa jadawali da waɗanda aka bari sai alama ta bayyana. Wannan ya rage wa majinyata huda, amma ya ƙara wa nas nauyi, domin barin kanula sai ta nuna alama ba shi da ma'ana sai ana duba ta a kai a kai. Ga majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa, dubawa duk awa ɗaya ko biyu ake so, kuma a rubuta abin da aka gani.

Haɗarin ya fi tsanani idan maganin da ke bi ta kanular mai ƙona nama ne. Noradirenalin, wanda ake bai wa wanda bugun jininsa ya faɗi, aikinsa matse jijiyoyi ne. Idan kanula ta goce ya zuba a ƙarƙashin fata, sai ya matse ƙananan jijiyoyin wurin har jini ya daina isa, fatar ta koɗe ta yi sanyi, daga baya ta yi duhu, nama ya mutu. Kalsiyam, da ruwan sukari mai ƙarfin kashi 50, da fenitoyin, su ma suna yin irin wannan ɓarna. Na'urar tura magani ba abin dogaro ba ce a nan, domin tana iya ci gaba da turawa cikin nama ba tare da ta yi ƙara ba. Idan nas ta ga kumburi ko ta ji wurin ya yi sanyi ya ɗaure, abu na farko ta tsayar da maganin, ta sa a mayar da shi wata jijiyar nan take tun da rayuwar majinyacin na rataye a kansa. Ba ta wanke kanular da ruwa, kuma ba ta gaggauta zare ta, sai ta fara zuƙo abin da za ta iya da sirinji. Ta ɗaga hannun, ta zagaye iyakar kumburin da biro don a gane ko yana ƙaruwa, ta kira likita. Ga noradirenalin akwai makari, fentolamin, da ake yi wa wurin allurarsa, kuma ɗumi ake sa wa wurin, domin sanyi yana ƙara matse jijiyoyin.

Toshewar roba kuwa galibi daga jinin da ya koma ciki ya daskare take zuwa, ko daga magunguna biyu da ba sa jituwa suka haɗu suka yi gari. Maganinta wanke robar da ruwan gishiri kafin kowane magani da bayansa, ana turawa ana ɗan tsayawa domin ruwan ya wanke bangon ciki, da sirinji mai mililita 10, saboda ƙaramin sirinji yana haifar da matsin da zai iya fasa roba. Idan ruwa ya ƙi shiga ba a tilasta shi. Daskarewar jini a cikin babbar jijiyar kanta wata matsala ce daban, kuma alamarta kumburin hannu ɗaya ko gefen wuya ko fuska, ko bayyanar ƙananan jijiyoyi a ƙirji. A jikin da ya riga ya kumbura, kwatanta ɓangarorin biyu ne ke tona ta.

Idan mai robar babbar jijiya ya yi zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba, ko ya kama rawar sanyi jim kaɗan bayan an wanke robar, ko bugun jininsa ya faɗi, dole a zargi robar ko da wurin hudawa tsaf yake, domin sau da yawa babu mugunya ko kumburi a waje. Ana ɗibar jini biyu a lokaci guda, ɗaya ta robar ɗaya daga wata jijiyar, kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan jinin robar ya riga ɗayan nuna ƙwayar da awa biyu ko fiye, hujja ce mai ƙarfi cewa daga robar cutar ta fito.

Duk waɗannan matakai suna buƙatar lokaci da hannaye. Nas ɗin da aka ɗora wa majinyata fiye da ƙima za ta taƙaita daƙiƙa goma sha biyar ɗin nan ko da ta san muhimmancinsu, kuma bincike ya danganta ƙarancin ma'aikata da yawan amfani da waɗanda ba su saba da sashen ba da ƙaruwar kamuwa da cuta. Asibitin da ke son rage matsalar sai ya tanadi kayan aiki a wuri guda, ya riƙa ƙirga yawan kamuwa bisa kwanakin zaman roba, ya kuma nuna wa ma'aikatan sashen alƙaluman. Amma matakin da ya fi kowanne sauƙi, wanda ba ya cin ko sisi, shi ne tambayar da ya kamata a yi a bakin kowane gado yayin zagayen safe: shin har yau ana buƙatar wannan robar? Haɗarin yana ƙaruwa da kowace rana, kuma barin roba don kawai wataƙila a buƙace ta gobe, ko don tana sauƙaƙa ɗibar jini, ba dalili ba ne. Nas ce ta fi kowa sanin cewa an tsayar da noradirenalin tun jiya kuma majinyaci ya fara karɓar magani ta baki, don haka ita ta fi cancanta ta tayar da maganar.

Cirewar ma tana da nata haɗarin, wanda ake yawan rainawa. Lokacin da mutum ke jan numfashi, matsin da ke cikin ƙirjinsa yana sauka, kuma idan akwai buɗaɗɗiyar hanya zuwa babbar jijiya sai iska ta zuƙu ciki, ta tafi zuciya ta tare hanyar jini zuwa huhu. Haka na iya faruwa idan mahaɗi ya kwance ko aka bar bakin roba ba a matse ba, kuma yana faruwa idan aka zare robar majinyaci yana zaune. Saboda haka ana kwantar da shi rigingine, kai a ɗan ƙasa idan zai iya jurewa, a ce ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, ko a zare yayin da yake fitar da numfashi. A danne wurin har jini ya tsaya, a rufe shi da filastar da iska ba ta ratsawa, a bar shi kwance kimanin minti 30, sannan a duba robar a tabbatar ta fito cikakkiya. Idan numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya, ko ya fita hayyacinsa, sai a toshe hanyar iskar, a juya shi kan gefensa na hagu kai a ƙasa, a ba shi oksijin kashi ɗari, a nemi taimako. Filastar tana zama aƙalla awa 24, domin ramin da robar ta bari ba ya rufewa nan take. Wurin kanula ma ana ci gaba da duba shi har kwana biyu bayan an cire ta, saboda kumburin jijiya kan bayyana bayan robar ta riga ta fita.